Hasumiyar Agogo ta Sapporo: In Je Ko In Bari?

Tambaya: Malam, zan halarci taron kwana huɗu a Jami'ar Hokkaido da ke birnin Sapporo na ƙasar Japan a watan Fabrairu, kuma rabin yini kawai nake da shi na zagayawa. Kusan duk hoton birnin da na gani sai an sa wata hasumiyar agogo a ciki, amma kuma na karanta cewa mutanen Japan da kansu suna lissafa ta cikin wuraren da suka fi kashe wa baƙo gwiwa. Shin ta cancanci in ba ta lokacina?

Amsa: Malam, ka je, amma da sharaɗi biyu: ka shiga cikin ginin, kada ka tsaya a bakin titi ka ɗauki hoto ka juya, sannan ka tsara zuwanka yadda ƙararrawar za ta buga kana wurin. Mafi yawan waɗanda suka dawo suna ƙorafi ba su cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ba, kuma zan bayyana maka dalilin da ya sa na ɗora amsata a kansu.

Abin da ka karanta gaskiya ne. Akwai wani lissafi na barkwanci da ya daɗe yana yawo a bakin mutanen Japan game da wurare uku da suka fi ba mai ziyara kunya, kuma wannan gini, wanda mutanen gari ke kira Tokeidai, ba ya fita daga ciki, tare da wata 'yar gada mai suna Harimaya da ke birnin Kochi. Na ukun ne ake saɓani a kansa. Tushen ƙorafin kuwa shi ne hoto. Masu buga katunan yawon buɗe ido sun saba ɗaukar ginin daga ƙasa suna kallon sama, ta yadda ba abin da ke fitowa sai farin katako da jan rufi da shuɗin sararin samaniya, sai mai kallo ya ɗauka wani dogon gini ne a tsakiyar makiyaya. Idan ya iso sai ya tarar da ɗan bene mai hawa ɗaya, na katako, a matse tsakanin dogayen gine-ginen ofisoshi, motoci suna wucewa ta gabansa, hedikwatar hukumar birnin tana tsallaken titi ta fi shi tsawo ninki da yawa. Ko sunan "hasumiya" ma yana ƙara ruɗin, domin abin da ke wurin zauren makaranta ne da aka ɗora wa ɗakin agogo a kan rufi. Wanda ya tafi da siffar hasumiyar agogon Landan a ransa dole ya ji an yaudare shi.

Darajar wurin tana cikin tarihinsa, kuma tarihin yana farawa ne daga yadda Japan ta mallaki tsibirin da Sapporo take a kansa. Kafin 1869 mafi yawan wannan tsibiri na arewa ƙasar al'ummar Ainu ce, kuma sunan Sapporo ma daga harshensu ya fito, ana fassara shi da babban kogi mai bushewa. A shekarar 1869 sabuwar gwamnatin Sarki Meiji ta sa wa tsibirin suna Hokkaido, ta kafa hukumar raya shi mai suna Kaitakushi, saboda tana tsoron kada Rasha ta riga ta, kuma tana kwaɗayin filayen noma da ma'adinai. Mutumin da ya zama jigon hukumar, Kuroda Kiyotaka, ya ga cewa yanayin Hokkaido ya fi kama da na arewa maso gabashin Amurka fiye da na sauran Japan, don haka sai ya ɗauko ƙwararru daga can. A cikinsu akwai William Smith Clark, shugaban kwalejin aikin gona ta jihar Massachusetts, wanda ya zo a 1876 don kafa Kwalejin Aikin Gona ta Sapporo, wadda ita ce ta zama Jami'ar Hokkaido da za ka je taro a cikinta. Clark bai wuce kimanin wata takwas a garin ba, amma har yau kowane ɗan makaranta a Japan ya san kalmar bankwanan da ake jingina masa, wadda ma'anarta ita ce samari su zama masu babban buri.

Clark tsohon kanar ne a yaƙin basasar Amurka, kuma kwalejojin aikin gona irin tasa doka ta wajabta musu koyar da atisayen soja. Wannan tsari ya dace da buƙatar Kaitakushi, wadda tun 1875 take zaunar da manoma masu riƙe da makami a tsibirin, su yi noma da rana, su zama garkuwa idan Rasha ta taso. Saboda haka ya ba da shawarar a gina wa ɗalibai zauren fareti, domin a garin da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata huɗu ko fiye ba za a dogara da fili ba. Shi kansa bai ga ginin ba. Magajinsa William Wheeler ne ya tsara fasalinsa, magina na hukumar suka zana shi dalla-dalla suka gina, aka buɗe shi a watan Oktoba na 1878. Sunansa na hukuma har gobe shi ne tsohon zauren atisaye na Kwalejin Aikin Gona ta Sapporo. Ƙasan ginin azuzuwa ne da ɗakunan gwaji da na ajiye samfuran tsirrai da dabbobi, saman kuma fili ne guda ba ginshiƙi a tsakiya, inda ake fareti da bikin shiga da na yaye ɗalibai. Daga cikin waɗanda suka yi karatu a kwalejin a wannan zamani akwai Nitobe Inazo, wanda daga baya ya zama mataimakin babban sakataren tsohuwar majalisar ƙasashen duniya da aka kafa bayan yaƙin duniya na farko, har aka sa hotonsa a takardar kuɗi ta yen 5,000 da aka fitar a 1984, da kuma abokin karatunsa Uchimura Kanzo, shahararren malamin addinin Kirista. Dukansu sun kammala a 1881.

Ranar da aka buɗe ginin babu agogo a kansa, wata 'yar ƙararrawar shiga aji ce kawai a cikin ƙaramin ɗaki a bisa rufi. Kuroda ne ya ba da umarnin a sa agogo, sai Wheeler ya aika oda zuwa kamfanin E. Howard na birnin Boston. Da injin ya iso a 1879 sai aka tarar ya fi ƙarfin ɗakin da aka tanada, har aka fara tunanin a kai shi wani gini dabam. A ƙarshe aka rushe ɗakin ƙararrawar aka gina babba a madadinsa, aka daidaita agogon da lissafin taurari daga ɗakin hangen sama na kwalejin, ya fara aiki a ranar 12 ga Agusta, 1881. Wannan shi ya sa idan ka ja da baya ka dubi ginin da kyau za ka ga ɗakin agogon ya ɗan yi wa jikin girma, kamar yaron da ya sa hular mahaifinsa. Ni dai a wurina wannan rashin daidaiton yana cikin abin da ya sa ginin yake da farin jini, domin yana nuna maka a fili cewa gyara aka yi bayan kuskure.

Akwai wata 'yar gardama da ta daɗe tsakanin Sapporo da wani ƙaramin gari mai suna Izushi a lardin Hyogo, wanda shi ma yake da tsohuwar hasumiya da aka sa wa agogo a 1881, kan wanne ne ya riga. A 2021 mutanen Izushi suka binciko takardunsu suka gano cewa nasu ya fara aiki ne ranar 8 ga Satumba, wato Sapporo ta riga su da kwana 27, suka kuma amsa hakan a bainar jama'a ba tare da ja-in-ja ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka fahimta kafin ka je, wato abin da agogo irin wannan yake nufi ga mutanen wancan zamani. Har zuwa ƙarshen 1872 Japan tana lissafin lokaci ne da rana: ana raba tsakanin fitowar alfijir da faɗuwar duhu kashi shida, dare ma kashi shida, don haka tsawon "awa" yana miƙewa da bazara, yana taƙaicewa da hunturu. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda mu ma kafin agogo ya yaɗu da hantsi da walaha da azahar da la'asar muke yanka alkawari, kuma duk suna bin tafiyar rana ne. A farkon 1873 gwamnati ta soke wannan tsari tare da tsohuwar kalandar wata, ta ɗauki kalandar Turawa da awa 24 masu tsawo ɗaya. Doka tana iya sauyawa a dare ɗaya, amma talaka ba shi da agogo a gida, balle a hannu. Ƙararrawar da ke bugawa kowace awa a tsakiyar gari ita ce ta koya wa mazauna Sapporo sabon lokaci, ita ce ma'aikaci da ɗan makaranta da ɗan kasuwa suke saurare. A 1888, shekarar da Japan ta fara aiki da lokaci guda na ƙasa baki ɗaya, aka ayyana wannan agogo a matsayin ma'aunin lokacin garin. Saboda haka idan ka tsaya a gabansa kana kallon ɗaya daga cikin kayan aikin da aka yi amfani da su wajen sauya rayuwar yau da kullum ta al'umma guda cikin 'yan shekaru.

Injin kansa abin kallo ne ga duk mai sha'awar aikin hannu. Ba ya amfani da lantarki ko batir. Nauyi ne yake jan sa: akwatunan katako guda biyu cike da duwatsun da aka ɗebo daga kogin Toyohira da ya ratsa birnin, rataye da igiyar ƙarfe, ɗaya mai kimanin kilo 50 yana tafiyar da hannayen agogon, ɗayan mai kimanin kilo 150 yana ɗaga gudumar da ke dukan ƙararrawa. Yayin da nauyin ke sauka a hankali, wani dogon ƙarfe mai lilo yana ƙayyade saurin juyawar ƙafafun haƙoran injin, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Sau biyu a mako ma'aikaci yakan hau ya wana shi da hannu, ya mayar da duwatsun sama. Ƙararrawar tana buga adadin awar da aka shiga, ɗaya a ƙarfe ɗaya, goma sha biyu a tsakar rana da tsakar dare, wanda ya kama bugu 156 a kowace rana. Mafi yawan sassan injin na asali ne tun 1881, in ban da abubuwan da dole su ci su ƙare kamar igiya. A watan Satumba na 2018 girgizar ƙasa ta jefa tsibirin Hokkaido gaba ɗaya cikin duhu, fitilun kan titi da jiragen ƙasa suka tsaya cik, kuma irin wannan ɗaukewar wuta ba ta da hanyar da za ta taɓa injin da dutse ke ja.

Ba don kulawar mutane ba da bai kai yau ba. Bayan kwalejin ta ƙaura zuwa harabarta ta yanzu a 1903, hukumar gari ta sayi ginin, a 1906 aka ja shi ɗungurungum kimanin mita 100 zuwa kudu don a buɗe hanya, ya zauna inda yake a yau. Ya yi shekaru da yawa yana zaman ɗakin karatu da wurin laccoci, sojoji ma sun yi amfani da shi lokacin yaƙin duniya na biyu. Akwai lokacin da agogon ya lalace aka yi watsi da shi, sai wani mai shagon gyaran agogo a garin, Inoue Kiyoshi, ya ɗauki nauyin kula da shi kyauta tun daga shekarun 1930, daga baya ɗansa Kazuo ya gaje shi a wannan hidima, suka shafe gomman shekaru suna hawa suna shafa mai suna daidaita shi. Da birnin ya bunƙasa dogayen benaye suka kewaye shi, an kawo shawarar a ɗauke shi zuwa wani lambu inda zai fi kyau a hoto, amma majalisar birni ta yanke a 1966 cewa a nan zai zauna. Ina ganin sun yi daidai. Da an kai shi lambu da ya zama kayan ado. A inda yake kuwa yana nuna wa mai wucewa cewa a nan garin ya fara, kuma duk waɗannan benaye daga baya suka zo suka same shi. A 1970 gwamnatin Japan ta sa shi cikin muhimman kayan tarihi na ƙasa, aka yi masa babban gyara daga 1995 zuwa 1998, kuma a 1996 aka zaɓi ƙarar ƙararrawarsa cikin sautuka ɗari da ƙasar ke son adanawa. Kundin alkawarin mazauna birnin na 1963 ma da shi ya buɗe, inda suke kiran kansu mutanen Sapporo, garin da ƙararrawar Tokeidai ke bugawa.

Batun isa wurin ba shi da wuya. Daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Sapporo tafiyar kimanin minti goma ce a ƙafa zuwa kudu, daga tashar Odori ta jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma kimanin minti biyar. Tunda a Fabrairu za ka je, ka bi hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa da ta haɗa tashoshin biyu, mai ɗumi ce, sai ka fito kusa da ginin. Ana buɗewa da safe wajen ƙarfe tara saura kwata, a daina karɓar masu shiga ƙarfe biyar na yamma, kuma kuɗin shiga 'yan ɗaruruwan yen ne, bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Ka duba shafin hukumar wurin kafin ranar, saboda irin waɗannan tsofaffin gine-gine akan rufe su don gyara.

Shawarata ita ce ka isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe. Ka fara da hawan ƙasa, inda aka baje tarihin kwalejin da hotunan garin lokacin da ginin ya fi komai tsawo a unguwar. Akwai ƙaramin samfurin harabar makarantar ta da, wanda shi zai gyara maka tunani game da girman ginin fiye da kowane bayani. A nan za ka ga cewa ko farin fentin da aka san shi da shi ba na asali ba ne, da farko ruwan toka ne. Sannan ka hau sama. Zauren yana nan da kujerun katako a jere kamar na tsohuwar majami'ar ƙauyen Amurka, rufinsa a buɗe, sandunan ƙarfe suna riƙe bango da bango a madadin ginshiƙai, salon ginin da Amurkawa suka yi amfani da shi wajen tsayar da garuruwa cikin gaggawa da siraran katako da ƙusa. Akwai mutum-mutumin Clark a zaune a kan benci inda baƙi ke zama gefensa su ɗauki hoto. Abin da ya fi muhimmanci a saman shi ne wani injin agogo na kamfanin Howard ɗin da aka ajiye a fili yana aiki, domin ba a barin baƙi su hau ɗakin na ainihi. Ka tsaya a gabansa minti biyar ka bi tafiyar ƙarfi daga nauyi zuwa haƙora zuwa hannu. Idan sha biyu ta kusa kana da zaɓi: ko ka zauna a zauren ka ji bugun yana ratsa katako daga samanka, ko ka fita ka tsaya a harabar. Ni na fi son ciki, saboda a waje hayaniyar motoci tana cinye rabin sautin, kuma ƙararrawar da a da ake ji daga nesa yanzu benaye sun tare ta.

Idan kana son hoto mai kyau, ka tsallaka titin da ke gaban ginin, akwai wani dandamali a hawa na biyu na ginin da ke fuskantarsa wanda aka buɗe wa jama'a don wannan. Da dare kuma ana haska shi da fitilu, kuma a cikin dusar ƙanƙara a lokacin ne ya fi kama da abin da ka gani a hotuna. Ka lura da jajayen taurari masu tsini biyar da ke jikinsa. Alamar Kaitakushi ce, tana wakiltar tauraron arewa, kuma za ka sake ganinta a tsohon ginin gwamnatin Hokkaido na jan bulo da aka gina a 1888, tafiyar 'yan mintoci daga nan. Sai dai ina so ka riƙe a ranka cewa labarin da wannan tauraro ke bayarwa na waɗanda suka zo ne. Abin da hukumar ta kira raya ƙasa, ga al'ummar Ainu ƙwace filaye ne da hana su farauta da kamun kifi yadda suka gada da tilasta musu barin harshensu, kuma sai a 2019 dokar Japan ta amince da su a matsayin 'yan asalin ƙasar. Ba za ka sami wannan ɓangare sosai a cikin Tokeidai ba. Babban gidan tarihinsu na ƙasa, Upopoy, yana garin Shiraoi, wanda rabin yininka ba zai kai ka ba, amma gidan tarihin jami'ar da kake zuwa taro yana cikin harabarta kuma shiga kyauta ne.

Duk ziyarar ba za ta ci maka fiye da awa ɗaya ba, saura lokacinka kuma ka ba lambun Odori da ke kusa, wanda a farkon Fabrairu yake cika da manyan siffofin ƙanƙara na bikin dusar ƙanƙara da ake yi tun 1950. Idan taronku ya faɗa a makon bikin ka kama masauki da wuri, domin gari yana cika maƙil. Sanyi a wannan wata yana zama ƙasa da sifili kusan yini duka, kuma haɗarin da ya fi kama baƙo shi ne santsin titi, don haka ka sayi 'yan ƙarafunan da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi, ana sayar da su a shagunan tasha. Game da salla, Sapporo tana gabas da layin da Japan ke auna lokacinta da shi, saboda haka azahar takan shiga 'yan mintoci kafin ƙararrawar sha biyu, rana kuma ta faɗi wajen ƙarfe biyar. Akwai masallaci kusa da jami'ar. A wajen abinci kuma ka yi tambaya kafin ka ci taliyar ramen da garin ya shahara da ita, domin mafi yawan romonta na alade ne, amma kasuwar Nijo da ke kudu maso gabas da agogon tana da kifi da ƙaguwa iri-iri, kuma daga ƙofar Tokeidai ba ta fi tafiyar minti goma ba.